Duwatsun Muhandis a Samnu

Sabha, Asabar

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka bar unguwar Gurda, ni da Mamman ɗan Damagaram a bayan kamiyo, babbar motar kaya, zaune kan bututan injin haƙa rijiya. A shekarun nan kuɗin mai ya cika Libiya, kowane kamfani na neman ma'aikata, ni kuwa kwanana tara kacal da samun aiki. Takardar zamana a hannun kamfani take. In sun sallame ni, sai 'yan sanda, sai motar da za ta mayar da ni Agadas hannu rabbana.

A shingen fita gari soja ya haska mu da fitila, ya ce mu wuce. Shugaban tafiya wani matashin Balarabe ne, kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya. Na tambayi Mamman aikinsa.

"Jiyoloji ya karanta," in ji shi. "Lakkwal ta duwatsu."

"Dutse ma ana shiga aji a lakkwal dominsa?"

"Kai dai ɗauki abin da aka ce ka ɗauka, Illa."

Samnu, Asabar da Lahadi

Ƙarfe bakwai muka isa. An sauke mu a lambun wani dattijo, ya tarbe mu da dabino da shayi mai gyaɗa a ciki, da rana kuma makaroni mai yaji. Aka kafa inji a filin yashi bayan lambun.

Injin na zaro dutse daga ƙasa, gunduwa gunduwa kamar an sassara taɓarya. Ni nake karɓa in miƙa wa Muhandis, shi kuma ya jera a kan yashi. Ya kankare da wuƙa, ya ɗiga wani ruwa ya ga ko zai yi kumfa, ya leƙa da ɗan madubi, ya rubuta a littafi. Da na ga ya lashi dutse sai na saki baki. Babana mai haƙa rijiya ne a ƙasar Tawa, haka yake lasar ƙasa, ga mai takalmi sau ciki yana yi.

Samnu, Litinin

Da azahar Muhandis ya shiga gari neman fentin da zai sa wa duwatsun lamba. Mu kuwa duk inda muka yada zango sai mun zagaye wurin salla da duwatsu, kuma kwana biyu muna salla a fili ba ko tsakuwa. A wajenmu abin da ya fito daga rijiya, in an duba shi an gama da shi. Na kwashi kusan ashirin na jera mana masallaci har da wurin liman. Mamman ya yaba, ni ma na ji daɗin kaina.

Muhandis ya dawo, ya duba, ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Muhandis."

"Jerin nan shi ne karatun! In ba jeri, ta yaya zan san zurfin da ruwa yake? Gobe ka bi kamiyo Sabha."

Tsoro ya kama ni. Na ce da guntun Larabcina, "Ba ni lokaci zuwa la'asar."

Na durƙusa. Kowace gunduwa ta bi ta hannuna, hannun kuma bai manta ba. Fari mai gari shi ne sama, sai ja, sai laka mai kama harshe, can ƙasa mai kaushi wanda ke shanye yawu nan take. Waɗanda suka yi kama da juna na dinga haɗa bakin karayarsu, yadda ake haɗa fasasshiyar ƙwarya.

Muhandis ya taso da littafinsa, yana bi yana dubawa. Ya sauya wa biyu wuri. Na yi ƙarfin hali na mayar da su, na haɗa bakinsu, suka zauna daram. Ya dube ni ya daɗe.

"Wa ya koya maka?"

"Babana."

"A ina ya yi karatu?"

"Cikin rami."

Ya yi dariya har da tari. Ya ja ƙaramar motarsa zuwa gindin tsauni, ya ɗebo baƙaƙen duwatsu, ya jera mana masallaci da hannunsa, muka yi la'asar tare.

Komawa, Laraba

Ƙarfe biyu muka bar Samnu, huɗu da rabi muna ƙofar kamfani. Gabana na faɗuwa, don bai ce ya janye maganarsa ba. Ya sauko ya ce wa mai rubuta sunaye, "Illa ba zai ƙara dako ba. Tare da ni zai riƙa fita."

Na isa ɗakinmu a Gurda lafiya kafin magariba. Na gode wa Allah, na gode wa dattijon Samnu da ya ciyar da mu. Sannan na gode wa Baba, wanda don kada in gaji aikinsa na gudo Libiya ban ko yi masa sallama ba.