Ranar da Kogi Ya Shiga Ɗakin Mai Jego

Ɗakuna uku nake da su a bayan Malali, can gangaren kogi, lokacin da wurin duk gonaki ne da bukkokin masunta. Maigidana masinja ne a wani ofishin gwamnati, shi ya sayi filin, ya rasu bai aza ko tubali ɗaya ba. Ni na gina da ƙasa, na rufa da kwano, kowanne ciki da falo da ɗan zagayen zana. Shekarun nan ne na bayan yaƙin basasa, Kaduna ta cika da ma'aikata. A ɗauko mutum daga Katsina ko Sakkwato a ce ya zo ya kama aiki, gidan gwamnati kuwa sai ya jira wata da watanni. Irin waɗannan nake saukewa. Wasu kuma sati ɗaya suke yi, su sha iskar bakin ruwa, su ci ɗanyen kifi, su kama gabansu.

Ni ce mai gida, ni ce mai shara, ni ce mai faɗa. Faɗan kam na iya, ba sai an gaya mini ba. Baƙon da ya zuba mini ruwan wanki a kan hanya ba ya sakewa. In na fara magana ba na jin ta kowa sai na kai aya, maigidana ya yi fama da ni a kan haka har ya gaji ya bari.

Biyu daga ɗakunan suna kan tudu kusa da nawa. Na ukun yana ƙasa, ɗan taku kaɗan ne tsakaninsa da ruwa. Tun ina haƙa tushensa wani tsohon masunci ya ce mini, "Inna, nan fa ruwa yakan zo." Na ce da shi ya ji da kifinsa. Amma maganar ta zauna mini, don haka duk tsakiyar damina nakan garƙame ɗakin da kwaɗo. Damina huɗu ruwa bai ko leƙo ba, sai na saki jiki.

A ta biyar wani akawu ya zo daga Sakkwato da matarsa, ɗanyen jego, sun yi suna da 'yan kwanaki. Tare da su akwai gwaggonsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ita ke yi wa yarinyar wanka. Akwai ɗaki guda a sama babu kowa, amma ni da bakina na ce su sauka a na ƙasa. Na ce ruwa na kusa, wankan jego safe da yamma ba ƙaramin ruwa yake ci ba, ga murhu a ɓoye, ba idon maza. Gwaggo ta yi ta sa mini albarka. Ni na zaɓa musu ɗakin nan, kuma watan Agusta ne, ina sane.

Yarinyar ba ta da surutu. Jaririn ɗan fari ne, ita kuwa kunyarta ta ɗan fari ta wuce ta mutane. In Gwaggo na wurin, ko kallon jaririn ba ta yi. Ya yi ta tsala kuka tana zaune tana wasa da bakin zane, sai Gwaggo ta ɗauko shi ta aza mata a cinya, ta ce, "Ke, ba shi ya sha," sannan ta juya bango ta ba shi nono. Ban taɓa jin ta ce ɗana ba, balle sunansa. Ni kuwa tsokanarta nake yi. In na shiga sai in ce, "Mai jego, wannan ɗan waye mai kama da ke?" Ta ja mayafi ta rufe fuska, mu yi ta dariya ni da Gwaggo. Gwaggo har taƙama take yi da ita, wai 'yar gidan mutunci ce. Kullum yaron yana bayan Gwaggo ko a hannunta.

Sai aka tura mijin rangadi na sati ɗaya. A gabana ya tsaya bakin ƙofa ya ce da matarsa kada ta taka ko bakin zana sai ya dawo. Na ce masa ya tafi hankalinsa kwance, tana hannuna.

Ranar da abin ya faru ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Rana ƙwal. Na idar da azahar ke nan ina ninke abin salla sai ga tsohon masuncin nan yana hawowa da sassarfa, wandonsa jiƙe har cinya. Bai ko yi sallama ba. Ya ce, "Inna, fitar da mutanenki. An yi ruwa can sama, kogi ya taso."

Na leƙa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Duwatsun da mata ke wanki a kai babu ko ɗaya. Ruwan ya koma ja, yana tafe da itatuwa da karan masara, har da wata akuya kumburarriya tana juyawa. Ba ƙara yake yi sosai ba, wani irin gurnani ne da kake ji a ƙafarka kafin kunnenka. Ina kallo ya cinye hanyar da muke bi ɗibar ruwa. Tsoro iri biyu ne ya kama ni, na ruwan, da na sanin cewa ni na sa su a wurin.

Na gangara da gudu ba ko takalmi. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida, ruwa ya riga ya kashe mata wutar murhu, tukunyar wankan yamma tana tangaɗi. Na daka mata tsawa, na ce ta hau tudu yanzun nan. Ta faɗa falo, ta fito tana ɗaure zane a ƙirji, da goyo a bayanta an lulluɓe da tawul ɗin yaron. Na ce alhamdu lillahi, ɗaya ya fita. Ta kama hanya tana ɗingishi.

Mai jego tana tsaye a falo, ruwa ya kai mata idon sawu. Na ce, "Fito!"

Ta ce, "Inna, bai ba ni izini ba."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini barkono a ido. Na ce, "Izinin uban wa? Shi kogin izini ya nema?" Na damƙi wuyan hannunta na fizgo ta waje. Ni mace ce mai ƙarfi, ni nake faskaren itacena. Ita kuwa jego ya cinye ta, ba nauyi.

Muna fita daga zana ta turje. Ta ce, "Inna, tsaya." Ban tsaya ba. Ruwa ya kai mana ƙwauri, yana jan ƙafa. A kan tudu mutane sun taru, masunta, da baƙina na sama, da wani malamin allo maƙwabcinmu, ga Gwaggo tsaye a gabansu tana haki. Duk suna kallonmu, duk suna jinmu. Yarinyar ta dube su, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Inna, akwai abu a ɗaki."

Na ce, "Ko zinariya ce ruwa ya ci!"

Ta sake cewa, "Inna, don Allah, a kan gado..."

Na ce ta rufe mini baki, in ba haka ba in mare ta. Ina ja tana tirjiya, ina zaginta, ina zagin mijinta da ya koya mata taurin kai. A raina maganar izinin nan ce har yanzu, ko kuma wasu 'yan kunne. Har na fito da ita kan busasshiyar ƙasa ban sake ta ba.

Sai ta cije ni. Ta kafa haƙora a bayan hannuna har sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Na sake ta. Ta juya ta nufi ruwa da gudu, tana wani ihu da ban taɓa zaton yana cikin ƙirjinta ba: "Ɗana! Ɗana yana ciki!"

Na waiga na dubi bayan Gwaggo. Goyon nan babu ƙafafu. Na fizge tawul ɗin, sai ga rediyon akawun da ƙunshin tufafi da ƙullin kanwa.

Na ce, "Gwaggo, ina yaron?"

Ta zaro ido. Ta ce, "Mi? Ba ke za ki ɗauko shi ba? Ni ƙafata ba ta da ƙwari, na ji tsoron in faɗi da shi. Yana barci a uwar ɗaki."

Ban san lokacin da na koma cikin ruwan ba. Yanzu ya kai ƙugu, sanyi kamar ƙanƙara, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Zanar zagayen ta riga ta tafi. Ina hango yarinyar a gabana, ta faɗi, ta nutse har wuya, ta miƙe, ta kama ƙyauren ƙofa ta shige. Ni kuwa da na isa bakin ƙofar na dafa bango, sai hannuna ya lume a ciki. Ƙasar ta jiƙe ta zama kunu. Na ɗaga kai na ga tsaga tun daga kan taga har rufi, tana buɗewa ina kallo.

Nan ƙafata ta ƙi shiga. Gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. Ni da na yi alkawari tana hannuna, na tsaya a bakin ƙofa ina kiran sunayen Allah, na kasa ɗaga ƙafa. Ciki duhu, ba na ganin komai sai kwanuka suna yawo a falo. Ba na jin kukan jariri. Wannan shirun shi ya fi komai tsorata ni. Na ce shi ke nan, na kashe ɗan mutane, na kashe uwarsa.

Tsohon masuncin ne ya iso da doguwar gorarsa ta tuƙa kwalekwale, ya kafa ta a ƙasa ya ce in riƙe, ya zura kai ciki yana kira. Sai ga ta ta ɗago labule da kafaɗa. Ta sa yaron a cikin daron wanka ta aza a ka, hannu biyu riƙe da daron, ruwa har ƙirjinta. Gadon ƙarfe ne mai tsawo, shi ya ceci yaron, lokacin da ta isa ruwa ya jiƙa katifa bai kai ga rufe shi ba. Masuncin ya miƙa hannu zai karɓi daron ta ƙi. Sai ya kama ta ta ɗamara, ni na kama shi, muka riƙa jan jiki da gorar nan taku ɗaya ɗaya. Ba mu kai tudu ba muka ji rugum a bayanmu. Bangon uwar ɗaki ne ya zauna, rufin kwano ya bi shi.

A kan tudu ta sauke daron ta ɗauko shi. Bai motsa ba. Jikinsa sanyi ƙalau, leɓɓansa sun yi duhu. Malamin allo ya fara addu'a da ƙarfi, Gwaggo ta zube ƙasa tana salati. Yarinyar ta manna shi a ƙirjinta tana murza bayansa, tana kiran sunansa, sunan da ba ta taɓa faɗa ba, a gaban maza, a gaban gwaggon mijinta. Can sai ya yi atishawa, ya buɗe baki ya callara kuka. Ni ma sai na zauna a ƙasa na fashe da nawa.

Gwaggo ta rarrafo ta miƙa hannu, ta ce, "Kawo shi nan." Yarinyar ta ce, "A'a, Gwaggo." Ta juya ta ba shi nono.

Ɗakina suka kwana. Na hura gawayi, na dama mata kunun kanwa mai zafi, na lulluɓe ta da duk bargon da na mallaka, amma sanyin ruwan ya riga ya shige ta. Zazzaɓi ya rufe ta. Aka aika wa mijin, ya dawo ya kwashe su zuwa gidan wani ɗan garinsu a Unguwar Sarki. Bai ce mini komai ba sai "na gode", wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana goma ina zaune, duk wanda ya yi sallama sai in ce saƙon mutuwa ne. Ban iya zuwa ba. Na ji tsoron abin da zan tarar.

Da na ji ta fara tashi na ɗaura mayafi na tafi. Na same ta zaune a kan tabarma, ta rame, yaron yana cinyarta, Gwaggo na gefe tana tsinke zogale. An ce tun ranar ba ta bari kowa ya ɗauke shi ba. A wuyan hannunta har lokacin akwai shatin yatsuna, baƙi. Na durƙusa, ni da na isa in haife ta, na ce, "'Yar nan, ki yafe mini."

Ta ce, "Sau uku na gaya miki, Inna."

Na ce, "Ban ji ba."

Ta ce, "Ba ki bari na ƙarasa ba."

Na sunkuyar da kai. Can ta ɗago yaron ta miƙo mini. Na kai hannu, sai na kasa karɓa. Ta matso ta kwantar mini da shi a cinya da kanta. Amma duk zaman da na yi a ɗakin nan, hannunta yana riƙe da ƙafarsa, ba ta saki ba.