Inda Kyamara Ba Ta Gani

Mai Tsani ake ce masa, don da wuya a gan shi ba tsani: ko yana bisansa, ko ya ɗaure shi a bayan babur yana ratsa titi da shi. Sana'arsa kafa kyamarorin tsaro a shaguna da gidaje. Mutum ne da zama bai karɓe shi ba. In aka miƙo masa kujera sai ya dafa ta ya ci gaba da magana a tsaye, idonsa na yawo a kusurwoyin rufi. Matarsa takan ce ko a barci ƙafarsa matakala take lalube.

Kallon ƙofa gadonsa ne. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Baba, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gadin wani siton kayan gini a ƙarshen babban titi, daga shi sai benci da sanda. Mai Tsani yana yaro shi ke kai masa abincin rana, ya tsuguna gefen bencin yana kallon yadda tsohon ke karanta tafiyar mutane tun daga nesa. Da Baba ya ajiye aiki, masu siton suka ce kyamara suke so, kuma ɗansa suka kira ya kafa. Baba bai yi fushi ba. Ya dai tambaya ko abar tana amsa sallama.

Mai Tsani yana da dokokinsa na aiki, kuma ba ya gajiya da maimaita su. Kada a kai kyamara can ƙololuwa, in ba haka ba hulunan mutane kawai za ta tara, ba fuskokinsu ba. Kada ta fuskanci inda rana ke faɗuwa, don da yamma za ta makance. In zai shigar da waya cikin bango sai ya ɗan lanƙwasa ta ƙasa tukuna, yadda ruwan sama zai ɗiga a waje maimakon ya bi ta ciki. In mai shago ya kira yana kukan hoto ya ɗauke, yakan ce a fara duba soket kafin a zagi na'ura. In hoto ya yi hazo, a nemi tsumma, wataƙila gizo-gizo ne ya yi saƙa a bakin gilashin. Abin da ya fi nanatawa kuwa biyu ne. Ganin hoto a allo ba ya nufin ana naɗa, sai an riƙa mayar da shi baya ana dubawa. Sannan kyamara ba ta ganin gindinta: duk wanda ya manne da bango a ƙarƙashinta ya fita daga duniyarta.

Da tsufa ya fara kwashe wa Baba sunaye, sai Mai Tsani ya dawo da shi gidansa. Tsohon yakan tashi haka kawai ya nemi sandarsa, ya ce aiki na jiransa. Don haka aka kafa kyamara a ƙofar gida, aka ajiye allonta a kan firji inda matar gidan za ta riƙa gani tana aiki.

Wata rana da yamma, hadari na haɗuwa, yana bisa tsani a wani otal da ƙusa a baki, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta shiga wanka ta fito, ƙofa a buɗe, ba Baba, ba sanda. Bai ma sha maganinsa na rana ba.

Siton ne ya fara faɗo masa. Tun kafin ya sauko ya kira mai kula da wurin. Mutumin ya ce ga shi zaune gaban allo, duk ƙofofin na gabansa, ko akuya babu. Mai Tsani ya bar tsanin a jingine ya hau babur.

A gida allon na kan firji, ƙofa ta fito tar, har ana ganin tsatsar sakata. Ya danna a mayar baya. Babu komai. Ya sake dannawa, sai yatsansa ya tsaya. Kwanakin baya faifan ajiyar hoton kyamarar wani tela ya mutu, shi kuwa da gaggawarsa ya zare na gidansa ya sa masa, da niyyar sayo wani washegari. Washegarin ba ta zo ba.

Matarsa ta dube shi, ta dubi allon. Ba ta ɗaga murya ba.

“Baban yara, ashe mu hoto kawai ka bar mana, kamar na bango.”

Ya fita da ƙafa, don a kan babur ba a leƙa lungu. Rabin kyamarorin titin nan shi ya kafa su, kuma ɗabi'arsa ce ya ɗan karkata kowace ta kamo gefen hanya, don a ga fuskar mai zuwa tun kafin ya iso ƙofa. Yau wannan ɗan karkacen kaɗai ya rage masa.

Ya fara da wata mai kantin magani. Na'urarta tana naɗa, amma agogon cikinta ya rikice tun ranar da aka ɗauke wuta, yana nuna wata shekarar da ta daɗe da wucewa. Ta fara ba shi haƙuri, ta ce ai ya sha gaya mata a canza ɗan batirin. Ya ce ba komai, ya bar agogo ya bi inuwa. Ya yi ta mayar da hoton har inuwar turken lantarki ta kai bakin kwata, daidai inda take kaiwa da la'asar. Can sai ga Baba, farar riga, sanda a hannu, yana tafiyar mai makara, ya nufi babban titi.

Motoci a wannan titin ba sa jiran kowa.

Shagon tela na bakin mahaɗa, kuma faifan gidansa na can ciki. Ya shiga yana haki, ya tarar da allo baƙi ƙirin. Ya bi waya da hannu har bayan teburin yanka, ya ga an zare filogin an soka na dutsen guga. Telan ya sosa ƙeya, ya ce tun safe ne, aiki ya yi yawa, soket kuma ɗaya ne. Ya so ya yi wasa, ya ce ai kyamara ba ta goge riga, amma da ya ga fuskar Mai Tsani sai ya haɗiye dariyarsa, ya ajiye almakashi ya ce shi zai bi hagu yana tambaya.

Iska ta taso, ledoji na tashi sama, mata na kwashe shanya. Mai Tsani ya tsaya a mahaɗar yana juyi, ya yi dama, ya dawo, ya sake yi. Duk farar riga da ya hango sai ta zama ta wani. Daga nan ya tuna gidan mai da ke tsallake. Kyamararsu ta yi watanni ba a goge ta ba, saƙar gizo ta rufe rabinta, hoton kamar ana leƙe ta cikin labule. Duk da haka da ya je aka mayar masa baya, ya ga wani farin abu ya sauka titi, ya tsaya a tsakiya, babbar mota ta kauce masa, sannan ya haye. Ya saki numfashi. Farin abin ya bi gefen katanga, hanyar sito.

Mai kula da siton yana nan a ofishinsa mai sanyi, ƙafa ɗaya a kan kwali. Ya juyo masa allon don ya gani da idonsa: ƙofar gaba ba kowa, ƙofar lodi da ke lungu ba kowa, sai tarin bulo da iska na kaɗa buhu. Mai Tsani ya ce a mayar da ta ƙofar lodi baya. Suka yi ta ja, har ga Baba ya ɓullo daga bakin lungu, ɗan ƙarami. Ya yi ta girma yana matsowa, fuskarsa ta fito sarai, sannan hularsa, sannan babu shi. Suka jira ya fito ta ɗaya gefen. Bai fito ba.

Mai kula da siton ya ce ikon Allah, mutum ya ɓace a gaban ƙofa a kulle. Da ya waiwaya, Mai Tsani ya riga ya fita.

Ya zaga lungun da gudu, ya wuce tarin bulon. Baba na zaune a kan bulo ɗaya, bayansa a bango, sanda a kan cinya, daidai ƙarƙashin kyamarar, inda bencinsa yake a da. Idonsa na kan bakin lungu, a natse, kamar bai taɓa barin wurin ba. Ya dubi ɗansa sama da ƙasa.

“Kai ne sai yanzu? Ina kwanon?”

“Yana tafe, Baba.”

“To zauna, kana tare min hanya.”

Mai Tsani ya jawo bulo ya zauna. Ɗigon farko ya faɗi a kan kwanon rufi, ƙamshin ƙasa ya tashi, 'yar rumfar ƙofar ta rufe su su biyu. Ya ciro waya ya kira gida, ya ce an ga Baba, lafiyarsa ƙalau, a sanar da tela ya koma shago, maganin kuma a ajiye a kusa. Yana jin matarsa tana jan hanci. Sai ta ce kada ya kuskura ya shigo mata gida ba faifai.

Ya ce to. Bai tashi ba tukuna. Baba ya nuna masa wani mai keke da ya shigo lungun yana neman mafaka, ya ce a bar shi, wannan ruwa kawai yake gudu.