Jan Ɗankwalin da Ya Koɗe a Waya

Na daɗe ina gyara hoto a kwamfuta kafin in iya karanta kalma ɗaya daga abin da ke rubuce a fuskarta. Yayana ne ya koya mini, lokacin shagon yana hannunsa, kuma da yatsa ya koya mini: taɓa nan, ja wannan zuwa dama, idan akwati ya fito ka danna na hagu. Da ya koma noman doya a Mashegu ya bar mini shagon, haka na ci gaba. Hotunan da nake wankewa a takarda suna fita da kyau, babu wanda ya taɓa dawo mini da ɗaya.

Sai da furfura ta fara leƙowa a gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a wata firamare. Telan da ke jikin shagona ya samu abin tsokana. Duk ranar da na dawo sai ya tambaye ni ko malama ta zane ni, ko kuwa an ba ni muƙamin monita. Ni dai dariya nake yi. A lokacin da abin nan ya faru na iya haɗa baƙi, ina karanta Hausa a hankali, ina kuma iya rubuta gajeren saƙo idan ba a tsaya mini a kai ba.

Wata safiya wata dattijuwa ta sauka daga mashin a ƙofar shago, riƙe da leda. Daga wani ƙauye kusa da Rijau ta zo, ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kowa Mama yake kiranta. Za ta aurar da jikarta, matan sun fitar da anko, atamfar kuwa an riga an raba. Ɗankwali ne ya rage. 'Ya'yan ƙauyen da ke aure a Minna da Kaduna da Legas kowacce za ta sayi nata a inda take, don haka tana son in ɗauki hoton nata a tura musu a waya su bi launin. Ta warware shi a kan tebur. Ja ne mai zurfi, kamar tattasai da ya nuna sosai.

"Ka ga wannan jan, Mai Hoto? Shi nake so a kan kowa. Ba na son a tsaya a gaban coci kamar kajin kasuwa."

Na ce mata wannan ƙaramin aiki ne. Na ɗauka, na gyara, muka kalla tare a kwamfuta, ta yarda. Na tura zuwa wayarta, ita kuma ta ce in sa mata a guruf ɗin matan.

Ranar kasuwa sai ga ta ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ajiye wayar a kan ɗankwalin ta ce in duba. Jan da ke wayar ya koɗe, ya yi duhu, ya koma kamar jar ƙasa bayan ruwa. Wata ta Kaduna mai gaggawa har ta saya, ta turo hoton abin da ta sayo, kuma da hoton nawa ya yi daidai, ba da ɗankwalin ba. Mama ta ce ta hana sauran saye, amma ba za ta iya riƙe su ba, biki ya matso. A cikin matan an fara cewa idon shugaba ya tsufa, tana nuna launi ɗaya tana turo wani. Wannan maganar ce ta fi ci mata rai.

Na roƙe ta ta bar mini ɗankwalin zuwa wata kasuwar.

Da farko na ɗauka wayarta ce. Na tura hoton ga tela, ga mai shayi, ga mai kemis na tsallaken titi. Duk ya koɗe. Na ƙara ja a kwamfuta har ya zama kamar jini, ya isa waya ya yi wani iri, zaren ɗankwalin ma ya daina fitowa. Tela ya ce in rina ɗankwalin ya koma kamar hoton kowa ya huta.

Duhun na fara ganowa. Ƙofar shagona tana kallon rana, kuma tun zamanin yayana an ƙure hasken fuskar kwamfutar don a riƙa gani. Ashe hoton da nake gani da haske, hasken na kwamfutar ne, ba na hoton ba. Na rataya labule, na juya tebur, na rage hasken har farar takarda a hannuna da fari a kwamfuta suka yi kusa. Duhu ya tafi. Jan kuwa yana nan a koɗe.

A aji na gaya wa malama. Ta ce ita ba ta san hoto ba, amma ai yanzu ina da hannu, me zai hana in tambayi intanet da kaina? Na zauna a kan bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, na rubuta tambayar da Hausa harafi bayan harafi. Na goge na sake ba iyaka. A ƙarshe na samu wani bidiyo da wani mai hoto yake bayani da Hausa. Ya ce launi yana da mudu iri biyu. Wasu kyamarori suna aunawa da babban mudu, intanet kuwa da ƙarami take karɓa, idan ba ka juye hoton cikin nata ba kafin ka tura, launi zai iya lalacewa a hanya. Ya nuna sunan ƙaramin mudun, haruffa huɗu: sRGB.

Washegari na buɗe hoton, na zo ajiyewa, akwatin nan ya fito, wanda na saba danna na hagu in wuce. Wannan karon na tsaya. Turanci ne, ban gane jimlolin ba, amma na bi layi-layi da yatsa ina kiran haruffa a bakina. Can ƙasa na gan su su huɗu, da ɗan gida mai kusurwa huɗu a gefensu, babu komai a cikinsa. Na danna gidan, na ajiye, na tura wa tela.

Ya daɗe yana kallon wayarsa, ya zo ya ɗauki ɗankwalin ya kara. Ya koma kan kekensa, sannan ya ce, "To, ɗalibi, yau kam ka ci jarrabawa."

Ban yarda da waya ɗaya ba. Na zaga layinmu da ɗankwalin a kafaɗa ina karawa da wayar duk wanda ya yarda. Wata ta ɗan fi haske, wata ta ɗan fi zafi, amma duk jan tattasai ne.

Da Mama ta zo ba ta yarda ta duba a cikin shago ba. Ta fita inuwar dalbejiya, ta shimfiɗa ɗankwalin a cinya, ta ɗora wayar. Ta kira wata mai tallan gyaɗa da ba ta san komai a kan zancen ba, ta tambaye ta ko launin ɗaya ne. Matar ta ce ɗaya ne mana. Sai Mama ta ce in tura, ta kuma danna wayar ta yi wa matan magana da yarensu. Ban ji ba, amma muryar ta mai gayya ce.

Ni aka kira ɗaukar hoton bikin. Da aka fito daga coci matan suka jeru a fili, na gida da na birni. Na saita kyamara ina jira, Mama ta ɗaga mini hannu in dakata. Ta bi layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan tana duba kai bayan kai, a hankali, kamar mai duba zangarniyar dawa. Ta gyara wa wata ɗauri, ta ja wata gaba. Sannan ta shiga tsakiya ta tsaya, ta gyara zaninta.

"Yanzu ɗauka, ɗana," in ji ta.