Mai Tef, Wanda Ya Samar wa Masu Keke Hanya

Bakwai saura na safe yake jingine kekensa a bayan ofishin ayyuka na ƙaramar hukuma. Ya kwance robar da ya ɗaure ƙafar wandonsa da ita, ya ɗan tsaya ya mai da numfashi, sannan ya kama hawan bene. Da can da sassarfa yake hawa. Yanzu gwiwa ta ƙi, sai ya dafa ƙarfe. Teburinsa yana can ƙurya, ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa, tsakanin kabad biyu cike da taswirar tituna. Mai Tef ake ce masa, don tef ɗin awo ba ya barin aljihunsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya.

Ashirin da biyu daga cikinsu a kan abu guda ya ƙarar da su: a ware wa masu keke layinsu a titin da ya bi ta gada zuwa kasuwa. Abin ya faro ne ranar da motar yashi ta matse wani mai kai burodi da keke a bakin gadar, a kan idonsa. Shi ya tallafe kan mutumin har aka sa shi a mota. Ya rayu, amma ƙafarsa ta dama ba ta ƙara taka feda ba. Washegari Mai Tef ya koma ya auna gadar, ya tarar akwai sarari a gefe, taku biyar, ba abin da ke cikinsa sai shara.

Ya zana, ya rubuta, ya miƙa. Shugabanni shida suka zo suka wuce fayil ɗin yana nan. Ɗaya ya ce keke alamar talauci ne, gari kuwa ci gaba yake nema. Wani ya yaba har da tafi, ya kafa kwamiti, kwamitin bai taɓa zama ba. Sau biyu fayil ɗin yana ɓata, sau biyu yana sake zana shi daga farko. Masu sharar titi shaida ne, kusan kowane mako sai sun gan shi a bakin gada da littafi, yana ƙirga kekunan da ke wucewa.

Matarsa ta sha ce masa, “Malam, kai kaɗai aka ɗora wa garin nan? Sa'o'inka duk sun zama daraktoci, kai kana nan kana auna kwalbati.”

“Bari dai mu ga wannan shugaban,” in ji shi.

“Haka ka ce a kan na baya.”

Ya san gaskiyarta ce.

Bara kuɗin mota ya gagari jama'a, ma'aikata da ɗalibai suka koma keke, sai ga ƙaramar hukuma ta farka. Aka ɗauko masana daga waje su tsara yadda za a ƙarfafa hawan keke. Suka nemi alƙaluma, ofis kaf aka rasa. Masinja ne ya nuna musu ƙuryar. Mai Tef ya buɗe kabad ya fito da littattafai goma sha tara. Zanensa suka ɗauka, kwanar titi biyu kawai suka gyara a ciki. Ranar buɗe layin yana bayan taro riƙe da kekensa, allon da aka kafa kuwa babu sunansa. Rabin hanyar ma aka yi, daga gada zuwa asibiti.

Ko wata ba a yi ba motoci suka mai da layin wurin ajiya. Tun daga lokacin yake sauka daga keke yana bin direbobin ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su matsa. Wani direba ya taɓa leƙo kai ya ce, “Baba, titin na gidanku ne?”

Ya ce, “A'a, ɗana, naka ne. Shi ya sa nake roƙonka.”

Direban ya yi tsaki, amma ya janye motar.

Kai ne ka riƙe takarda ɗaya har ta tsufa a hannunka, Mai Tef. Kai ne ba ka iya faɗa ba, ba ka kuma iya haƙura ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke tuƙa kekenta zuwa asibiti hankali kwance ba ta san fuskarka ba, kuma ba ka taɓa tsayar da ita ka gaya mata ba.

Da abokan aikinsa suka tambaye shi abin da yake so na sallama, ya daɗe yana murza gwiwa. Can ya ce, “A ƙara wa layin fenti kafin damina.”

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu da lafiya. Ku kuma da kuka rage a ofishin nan, saura rabin hanya daga asibiti zuwa kasuwa, da wurin jingine kekuna, duk an riga an zana muku. Kada ku jira ya sake hawo muku bene. Ya gaji.