Shaidar da yashi ya cinye

Ranar Alhamis ce, an sallame magariba, ba a kai ga kiran lisha ba. Mu biyu ne a tsakar gida, ni da kakata Falmata. Shekarata tara. Ruwa ya kewaye ƙauyenmu da ke gabas da Guri, ba mai shiga ba mai fita sai a kan gora, babban duman da masunta ke iyo a kansa, mun kuma hura wuta da busasshen kashin shanu saboda sauro. Uwata ta rasu wajen haihuwata. Ubana, ɗan Kaka tilo, ya bi ta bayan damina biyu. A wasu gidaje yara kan cika tabarma don jin tatsuniya. A namu ni kaɗai ne taron.

Kaka ba ta saɓa tsarinta. Da farko ta sauko da wata doguwar bindiga daga rufin ɗaki, naɗe cikin tabarmar kaba. Na biyu ta ajiye ƙwarya biyu, ɗaya da yashin kogi, ɗaya da jiƙaƙƙiyar tsamiya. Na uku ta miƙo mini tsumma. Sai an yi waɗannan take buɗe baki.

Ta ce, "Maigidana, ga ta nan tafe, a ba ta wuri."

Na ce, "Ta zauna, Kaka, mu ji ta."

"Kai dai hannunka kada ya tsaya. Miji malalaci ba ya cin tuwona."

Ga abin da take faɗa. Wata shekara ruwa ya yi yawa, sai ya kawo wani baƙo rungume da gora, ya ɗaure bindigarsa a ka don kada ta jiƙe. Wata yarinya mai wanki ce ta fara ganinsa. Mutanen gari suka tsamo shi, suka ba shi fura, suka tambaye shi garinsu. Ya ƙi faɗa, domin yaƙi ne ya koro shi, yana tsoron a biyo sawunsa. Ya zauna, ya koyi kamun kifi, aka aura masa yarinyar. Da rani ya zo ya ce zai je ya ɗauko uwarsa. Ya bar bindigar, ya ce wa matarsa, "Ƙanen ubana ne ya haɗa ta, shaidarsa na jikinta. In ban dawo ba, ki kai wa maƙeri, zai gaya miki inda dangina suke." Ya tafi. Ita kuwa ta ce mijinta ba zai dawo ya tarar da tsatsa a kayansa ba. Kowace Alhamis takan goge bindigar har ta ga fuskarta a jiki.

Na ce, "To, ya dawo?"

Ta ce, "Kai da gaggawa kamar ɗan tsako. Nan ta tsaya yau. Abin da aka ba ka ajiya ka riƙe shi da tsabta, shi ke nan. Tashi ka yi alwala."

Sauran tatsuniyoyinta duk suna da ƙarshe. Wannan ce kaɗai ba ta da shi, kuma ita ce ta kowace Alhamis. Tun kafin in kai shekara goma na gane ko wace ce yarinyar mai wanki, amma ban faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Muka ci gaba da guga. Ni ne ma mai ƙarfin hannu, saboda haka ni take bai wa wurin da ke kusa da kunamar bindigar, inda akwai wani zane da datti ke maƙalewa. Mun ɗauka ado ne irin na ƙwarya. Ina alfahari ranar da wurin ya koma sumul.

Ina da shekara ashirin da biyu ta kwanta ciwon ajali. Ta ce, "Bukar." Ranar ce ta fara kirana da sunana. "Ka kai bindigar wurin maƙeri. Ni na kasa. Ranar da na kai ta, na yarda ke nan ba zai dawo ba. Ka nemo dangin kakanka, ka ce musu Falmata ta jira."

Bayan sadakar arba'in na ɗauki bindigar. Mutum uku suka ba ni amsa mai amfani, zan jera su yadda na same su.

Na farko masassaƙi ne a kasuwar Kafin Hausa. Ya shinshina itacen, ya ƙwanƙwasa, ya ce aduwa ce, amma sassaƙar ba ta mutanen nan ba ce, ta gabas ce.

Na biyu wani bafatake ne da na samu a Haɗejiya, wanda ya sha zuwa Kukawa. Ya leƙa bakin bindigar ya ce ƙarfen daga bayan teku yake, ta Tarabulus ake ƙetaro da irinsa a kan raƙuma. Ya ce, "Samari, irin wannan ƙarfe ba shi da gari. Wanda ya ɗora shi a itace, ya yi masa kunama, shi za ka nema."

Na uku tsohon maƙeri ne a Birniwa. Ya juya ta, ya shafa da babban yatsa, sai ya ɓata fuska.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aika-aika? Nan kowane gidan maƙera ke buga shaidarsa, da ita muke sanin juna. An cinye ta da yashi kamar gindin tukunya!"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya dube ni. Ya ɗauki awartaki ya zare zoben tagulla da ke riƙe ƙarfen da itacen. A ƙarƙashinsa, inda tsummana bai taɓa kaiwa ba, akwai ragowar zanen: ɗigo uku a jere, da wata lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi, bakinta na duban hagu. Ya ce bai kai sulusin shaidar ba. Ya ce hannun mutanen bakin Tafkin Chadi ne, amma bakin tafki da faɗi yake.

Shekara talatin da ɗaya ke nan. Na nuna wa maƙera da yawa, ba wanda ya gane ta. Da can ina jin haushin Kaka, ina jin haushin kaina. Yanzu na daina. Ta koya mini riƙon amana, kuma gaskiya ta koya mini. Abin da ba ta sani ba, ni ma ban sani ba sai da na tsufa, shi ne ajiya tana da ranar mayarwa, kuma wanda ya wuce ranar, ko da ƙauna ya riƙe, ɓarna yake yi. Mutumin nan ya bar mana hanyar gidansu a rubuce, mu kuma muka share ta da hannunmu, Alhamis bayan Alhamis, muna jiransa.

Matata ta rasu, ba mu bar ɗa ba. Bindigar na nan a rufin ɗaki, tsatsa ta hau ta, ban taɓa ta ba. Karatuna kaɗan ne, iyakarsa in rubuta irin wannan in bai wa fatake masu zuwa gabas.

Kai da takardar nan ta shiga hannunka, ina roƙonka abu ɗaya. Ka je maƙerar garinku, ka zana ɗigo uku da ƙugiya a ƙasa, ka tambayi mafi tsufansu ko ya san gidan da ke buga wannan shaida. In ya sani, ka aiko Guri, a nemi Bukar jikan Falmata. Akwai saƙon da zan kai, kuma bayana ba mai kai shi. Ka aiko kafin ruwa ya sake rufe hanya.