Sahabi Mai Amya, Wanda Aka Auna Gari Da Shi

Sahabi mutum ne siriri mai tafiya yana duban sama. A ƙauyensu, can tsakanin Mada da 'Yankuzo, an san shi da yawan tuntuɓe, don idonsa kullum yana kan rassan ɗorawa da kaɗanya inda ya ɗora amyarsa. Sana'ar da ya gada ke nan wurin kakansa. Ya saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta da saiwoyi masu ƙamshi, ya kai ta bisa itace, sannan ya jira ƙudan zuma su yarda da ita. Bayan wannan yana da 'yar gonar gero da dawa, da tumaki uku, da matarsa Luba mai kaɗi. In ya zauna gindin itace yana sauraren gunjin ƙuda, sai rana ta karkata bai sani ba.

Shekara shida bayan babbar yunwa, saƙo ya iso daga wurin hakimi cewa harajin bana ba daidai za a raba shi ba. Za a kasa magidanta kashi uku: masu hali, da matsakaita, da talakawa, kowa da abin da zai biya. Dagaci Garba ya tara dattawa gindin tsamiyar ƙofar gidansa, ga malamin haraji zaune bisa buzu da alƙalaminsa, yana jiran a faɗa masa inda tsakiya ta fara da inda ta ƙare.

Nan aka yi kwana uku ana abu ɗaya. Bawa mahauci ya ce matsakaici shi ne wanda ake ganin fuskarsa a rumfar nama ranar kasuwa. Liman ya ce a'a, wanda rumbunsa ke kai shi sabon gero bai nemi na wani ba. Dogo falke, mai jakuna bakwai, ya miƙe ya ce shi dai matsakaici ne, duk wanda ya ga attajiran Gusau da raƙumansu ba zai kira shi mai hali ba.

"In kai ne tsakiya, mu mi muke?" in ji Bawa. "Ashe ƙauyen nan kaf ba mai hali ko guda."

Na sama suna jan tsakiya ta hau ta rufe su, na ƙasa suna tura ta sama don ta bar su cikin talakawa. Amma in an ce da mutum talaka a bainar jama'a, sai ya ɓata rai ya fara lissafa awakinsa.

Ran na ukun da hantsi malamin haraji ya ajiye alƙalami ya ce, "Ku nuna mani mutum ɗaya tak wanda kowa ya yarda bai yi arziki ba, bai kuma talauce ba."

Daidai lokacin Sahabi yana tsaye bayan taron. Ba shawara ta kawo shi ba, ƙuda ya biyo daga rafi har zuwa furen tsamiyar, ya ɗaga kai yana kallonsu baki buɗe. Liman ya nuna shi da sanda.

"Ga shi nan. Rigarsa ɗaya ta kirki, ba shi da jaki. Amma ko shekarar yunwa hayaƙi bai ɗauke a gidansa ba."

Aka dube shi, ba wanda ya musa. Aka tsayar da magana: wanda ya fi Sahabi mai hali ne, wanda bai kai shi ba talaka ne, wanda suke kai ɗaya matsakaici. Shi kuwa sai da Bawa ya taɓa kafaɗarsa ya san da shi ake.

Da ya koma gida ya tarar da Luba tana kaɗi a inuwar rumbu. Ya zauna ya daɗe yana kallon mazari yana juyawa.

"Luba, mu masu hali ne ko talakawa?"

"Ranar da ka sauke amya, masu hali ne," ta ce, ba ta ɗago ba. "In bazara ta yi nisa ka sake tambayata."

Daga nan gidansa ya zama wurin leƙe. Mutum ya yi sallama don gaisuwa, idonsa na kan rumbu. Tunkiyarsa ta haifi tagwaye, kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa. Sahabi ya fara jin nauyin kansa. Ko sabuwar hula Luba ta sayo masa, sai ya ajiye ta cikin ɗaki.

Ga shi kuwa da wani buri tun yana saurayi. Kakansa ya taɓa ba shi labarin dutsen Kwatarkwashi, wajen Bungudu, inda ƙuda ke zama cikin tsagar dutse, zuma baƙa na tsiyaya bisa fa, wato falalen dutse, in rana ta yi zafi, mikiya na shawagi sama. Yakan gan shi da rana tsaka ido biyu. Shekaru yana so ya sayi jaki ya ɗora amya ya tafi ya gwada.

Da maganar jakin ta fita, sai gari ya motsa. Kowa ya gane cewa in Sahabi ya hau, tsakiya ta hau tare da shi, masu jaki ɗaya su sauka daga masu hali, marasa jaki su koma talakawa. Dogo ya zo da kansa yana jaye da wata jaka mai ƙiba, ya ce ya karɓa a kan duk abin da ya sauwaƙa. Bai jima da fita ba dagaci ya shigo, ya zauna bisa turmi.

"Malam Sahabi, don Allah ka dakata da jakin nan. In ka saya harajin gari ya ragu, ni za a kira gaban hakimi."

Luba ce ta raba gardamar bayan baƙin sun tafi. Ta ce, "Dutsen kake so ko jakin? Ƙafafunka lafiya lau suke."

Bayan an kai amfanin gona gida ta daka masa fura mai yawa da ƙuli-ƙuli. Ya ɗaure amya biyu ya ɗora a ka, ya kama hanya da sassafe. Ya ratsa Gusau, ya ga tulin auduga fari fat a bakin kasuwa kamar gajimare ya sauko ya huta. Kwana na uku dutsen ya bayyana gabansa, shuɗi-shuɗi daga nesa, ya fi yadda yake ganinsa girma. Wani manomi a gindin dutsen ya ba shi masauki. Zumar ba ta tsiyaya bisa fa kamar yadda aka faɗa masa, amma ƙudan suna nan, mikiyar ma tana nan. Yakan hau da hantsi ya kwanta rigingine bisa dutse mai ɗumi, inuwar fukafukai na wucewa ta kan fuskarsa, ba wanda ya san tumakinsa nawa.

Wata huɗu ya yi. A bayansa malamin haraji ya dawo bai iske ma'auni ba, aka sake zaman tsamiya, aka sake gardama, daga bisani aka koma ƙidayar damman hatsi. Da Sahabi ya dawo da gora biyu na zuma mai duhu, sai aka yi masa barka da zuwa kamar kowa. Ran Juma'ar nan ya sa sabuwar hularsa ya tafi masallaci.

Ya rayu har shekarar da aka shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau. Da ƙarfinsa ya ƙare ya daina hawa itace, sai mijin ɗiyarsa Maijidda ya karɓi aikin. Sahabi yakan bi shi da sanda, ya jingina kunne da jikin ɗorawa, ya ce wannan ta cika, waccan a ba ta wata guda. Ya rasu farkon damina bayan ciwon kwana biyar. Luba ta raba zumar da ta rage gida-gida a 'yan ƙananan ƙorai, sai da ta kai har rugar Fulani da ke bayan rafi.