Wutar da Abdulbaƙi Ya Hango daga Hasumiya

Rigimata da Abdulbaƙi a kan ganda muka yi ta. Sana'ata ke nan tun ina da ƙarfi: in sayo fatar shanu wajen masu kawowa daga Challawa, in babbake, in kankare, in dafa da yaji in sayar wa ma'aikatan Bompai in sun fito cin abincin rana. Bai daɗe da tarewa a gidan da ke jikin nawa ba, sai ga shi da sallama, riga a cushe cikin wando, wai don Allah in daina zubar da kankarar fata a fili, tana tara shirwa, ita kuma shirwa tana iya faɗawa injin jirgi.

Na ce, "Kai ɗan nan, ƙaton jirgin da ke kwasar alhazai ne shirwa za ta kayar? To a daina hawansa mana, a koma jaki."

Ya ce, "Iya, ku yi haƙuri, ba faɗa ne ya kawo ni ba."

Na ce, "Ai da faɗan ka zo da shi, da tuni mun gama."

Ya yi dariya, ya sayi ganda ya tafi. Washegari ya kawo min duro mai murfi. Ban yi godiya ba, amma na yi amfani da shi.

Aikinsa a filin jirgi yake, cikin doguwar hasumiyar nan mai gilashi da muke hangowa daga bayan unguwa. Shi ke gaya wa direbobin jirgi wannan ya sauka, wancan ya dakata, wancan ya ƙara sama. Na taɓa ce masa ashe ɗan kamasho ne, tashar ce kawai ta fi ta kowa tsada. Bai musa ba. Mutum ne marar hayaniya, in yana magana kamar yana auna hatsi. In ya hau aiki wayarsa a kashe take cikin durowa, haka dokar wurin take, sai ya sauko.

Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Badi'a, da mahaifinsa Malam Sanusi, wanda ya ɗauko daga ƙauyensu na Jigawa bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Shi ke yi wa tsohon wanka, shi ke yanke masa farce. Ya ba shi ɗakin can ƙurya don hayaniyar titi kada ta dame shi.

Da Badi'a ta haihu, ni na karɓi wankan jego, tunda uwarta tana nesa. Itacen wanka kuwa a wuyan miji yake, kuma da shi mata ke gane irin mijin da aka samu. Abdulbaƙi ɗan fari ne aka haifa masa, sai ya zuba akori-kura guda, busasshen itace mai kyau, har mata 'yan barka suna shiga kallo. Tsakar gidan ba fili, aka jibge shi jikin katangar baya, dab da tagar Malam, aka yi masa rumfar zana. Kowa ya yaba.

Bayan wannan katangar akwai wata masaƙa da aka rufe shekara da shekaru. Harabarta ta zama daji, gamba ta fi tsayin mutum, ta haɗe da fegin da ba a gina ba har zuwa shingen wayar filin jirgi. Duk rani masu farautar gafiya sai sun cinna mata wuta, takan ci ta mutu. A ranar ba ta mutu ba. Bayan la'asar iska ta juyo da ita kanmu.

Maza duk suna kamfani, unguwa sai mata da tsofaffi. Ina zuba wa Badi'a kunun kanwa na ji ƙara kamar ana yayyaga sabon yadi. Na leƙa, rumfar zana ta kama, itacen na bin ta. Na cusa wa Badi'a jaririnta na tura ta waje. Muka yi ta jan guga a rijiya, muna watsawa, kamar muna tofa yawu. Aka buga wa Abdulbaƙi waya, a kashe. Aka buga wa 'yan kwana-kwana na cikin gari, suka ce suna hanya, hanya kuma hayaƙi ya toshe ta, motoci sun cunkushe. Wasu suka ruga bakin ƙofar filin jirgi, tunda kowa ya san akwai jajayen motocin kashe gobara a ciki, cike da ruwa, ga su nan kusa.

Mu uku muka shiga ɗakin Malam da jiƙaƙƙun zannuwa a fuska. Ba ma ganin juna. A kan tabarma muka janyo shi, mutum mai nauyi, ga rabin jiki ba ya taimako. Wuta ba ta taɓa shi ba, amma hayaƙi ya riga ya cika masa ƙirji. Muka kwantar da shi gindin darbejiya a bakin titi, na tallafe kansa, muna jiran abin hawa. A samanmu wani jirgi yana ta kewayo, ya ɓace cikin hayaƙi ya sake fitowa. Motocin filin jirgi ba su zo ba. Kafin a kira magariba Malam ya cika.

Abin da ya faru a hasumiya sai da aka share makoki na ji, daga bakin Abdulbaƙi, yana zaune a kan turmina.

Ya ce tun tashin wutar ya gan ta, domin daga can babu abin da ke ɓoyuwa. Ya gane tankin ruwan masaƙar, ya gane rufin gidansa. Wanda zai canje shi ya maƙale a hanya, wanda ke tare da shi kuma mai koyo ne, ba a bar masa jirgi. Hayaƙi ya kwanta a kan titin sauka. Jiragen da ke da mai ya juya su Abuja da Katsina. Saura ɗaya, wanda aka riga aka juyo daga wani gari, direbansa ya ce man da ya rage ba zai kai shi ko'ina ba, sai dai ya yi ta kewayo har iska ta buɗe. Mutane maƙil a ciki.

Sai shugaban 'yan kwana-kwanan filin ya kira shi ta rediyon oba-oba, ya ce ga mutanen unguwa a bakin ƙofa suna kuka, shin akwai jirgin da ake jira? Domin ƙa'idarsu, jirgi ba ya sauka sai motocin suna tsaye a gefen titi, balle mai sauka cikin hayaƙi da ƙarancin mai.

Ya ce, "Iya, da na ce babu, da sun fito. Na ce akwai."

Jirgin ya sauka lafiya. Ya ce da abin hangen nesa ya kalli fasinjojin suna saukowa, wasu na duba agogo, wasu na waya, ga alama mita suke an ɓata musu lokaci.

A unguwa kuwa maganar ta fita. Wata ta ce a bakin rijiya wai ya zaɓi baƙi ya bar ubansa. Na ce mata in da ɗanta ne a cikin jirgin, da yanzu tana can tana goge masa takalmi. Ta ɗauki ruwanta ta wuce. Amma da na koma ɗaki ni ma na kasa cin tuwo, don na san nauyin kan nan da na tallafa.

Ya ci gaba da zuwa aiki, yana ramewa. Badi'a ta ce min ya roƙi a juya masa kujera, don kada ya riƙa fuskantar unguwar. Hasumiya kuwa gilashi ce ta ko'ina. Daga baya ya nemi canjin gari, aka ba shi.

Ranar da za su tashi, an gama ɗaure kaya a mota, ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofata. Ya ce, "Iya, ku ne a kan Malam. Ya neme ni?"

Na so in gyara masa magana, in sa mata zuma. Na dube shi, na ga ba irin wanda ake yi wa haka ba ne.

Na ce, "Ya neme ka. Ya ce ina Abdulbaƙi, na ce kana wurin aiki. Ya ce to. Iyakar abin da na ji ke nan, ɗan nan. In na ƙara maka ko kalma ɗaya, na yi ƙarya."